Awa guda tana ɗora min hannu a kafaɗa: magani ne ko cin kuɗi?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 36, 'ya'yana huɗu, ina sana'ar ɗinki a cikin gida. Shekara biyu da suka wuce motar haya ta faɗi da mu a hanyar dawowa daga biki. Allah Ya kiyaye ban karye ba, amma matar da ke zaune kusa da ni ko shurawa ba ta yi ba. An yi min hoto har sau biyu, likita ya ce ƙashina lafiya lau. To amma tun daga ranar wuyana da kafaɗuna suka sandare kamar an ɗaure su da igiya. In zan waiwaya sai na juya da jikina gaba ɗaya, ko sallamar salla da ƙyar nake yi. Na sha maganin kemis har cikina ya fara zafi.

Akwai wata mai tausa a unguwarmu, hannunta kamar taɓarya. In ta danna ni har ihu nake yi, tana cewa jijiyoyi ne suka ƙulle, sai an fasa su. Ranar nakan ji sakayau, bayan kwana biyu ciwon ya dawo har ya fi na da. Sai ƙanwar mijina ta haɗa ni da wata ma'aikaciyar gashin ƙashi da ta ƙaro karatu a waje, wai aikinta somatik ne. Anti, awa guda cur nake kwance, ta ɗora hannu a kafaɗata ta yi shiru, can ta ɗan motsa kaina kamar mai tsoron kada ƙwai ya fashe, ta ce me nake ji. Ta ce in juya wuya kaɗan, in na juya da yawa ta ce in rage. Zuwa huɗu na yi, kowane zuwa N12,000. A zuwa na uku ina kwance sai kuka ya ƙwace min, jikina ya kama rawa, ban san dalili ba. Sai ta janye hannu, ta ce in buɗe ido in lissafa mata abubuwan da nake gani a ɗakin, daga nan ba ta ƙara taɓa wuyan ba ranar. Kunya ta kama ni. Maigida ya ce damfara ce da Turanci, surukata ta ce iska ce ta shige ni a wurin haɗarin. Gaskiya barcina ya ɗan gyaru, amma wuyan har yanzu da saura. In ce ta ƙara ƙarfi da sauri don in ci kuɗina, ko in koma wajen ta farko?

Ƙanwarki, daga Kaduna.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan baiwar Allah da ta rasu a gefenki, ke kuma Ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Sau biyu na karanta wasiƙarki, a karo na biyu na tsaya a inda kika ce ko shurawa ba ta yi ba, kika zarce zuwa maganar hoto kamar ba ki faɗi komai ba. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kada ki ce ta ƙara sauri, kada ki ce ta ƙara ƙarfi. Wannan sanyin hannun da kike gani kamar ɓata lokaci, shi ne aikin da kike biya. Amma ban ce ki miƙa mata wuya da jaka har illa masha Allahu ba. Akwai ma'aunin da za ki gane ko aikin yana ci, zan ba ki shi.

Sai dai tukuna. In hannunki yana mutuwa, ko abu yana suɓuce miki, ko kina tangaɗi in kina tafiya, ko fitsari yana kufce miki, ko kina zazzaɓi da gumin dare da rama, to wannan ya wuce hannun kowace mai tausa, ta sanyi ko ta zafi, asibiti za a koma. Hoton ƙashi da aka saba yi ba ya nuna laka da jijiyoyi, sai na'urar MRI, kuma tarin fuka yakan kama ƙashin baya. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, shi ya sa na ci gaba. Zafin cikin nan kuwa kada ki raina shi. Magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda su ne suka fi yawa a haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda, suna cin bangon ciki har su jawo olsa. Ki dakata da su, ki gaya wa likita.

Yanzu ga maganar jijiya ta ƙulle sai an fasa. Ke tela ce, kin san abin da ke faruwa in zare ya cukurkuɗe a ƙasan keke kika fizge shi da haushi: ƙullin ƙara tsukewa yake. To tsoka ma ta fi zare wayo, domin tana da 'yan gadinta. A cikin kusan kowace tsoka akwai wasu ƙananan ma'aunai da ke lura da abu biyu, nisan da aka ja tsokar da kuma saurin da aka ja ta. In aka ja ta farat ɗaya, saƙo zai tafi laka ya dawo da umarnin a ƙanƙame, tun kafin ƙwaƙwalwa ta san abin da ake ciki. Shi ne abin da likita yake gwadawa in ya buga miki 'yar gudumar roba a ƙasan gwiwa ƙafa ta yi tsalle ba da izininki ba. Duk wadda ta yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ta ga wannan da idonta: ki fizgi hannun da ya ƙage, ya ƙara ƙagewa; ki bi shi sannu a hankali, ya miƙe miki. Allah ne Ya sa wannan tsaro don kada gaɓoɓinmu su goce. Mai hannun taɓarya da waɗannan 'yan gadi take dambe, kuma a gidansu take, ba za ta ci su ba.

To me ya sa kike jin sakayau ranar? Ba ƙarya jikinki ya yi miki ba. Zafi mai tsanani yakan danne wani zafin na ɗan lokaci, jiki kuma yakan saki nasa maganin kashe raɗaɗi in an ƙuntata masa. In wannan ya gushe, sai tsamin naman da aka daka ya taso, ya haɗu da ciwon asali. Kwana biyun da kika lissafa ke nan. Kuma babu wani ƙulli da ake fasawa. Farin tantanin nan da ke lulluɓe da tsoka, wanda mahauci ke sa wuƙa kafin ya raba shi da nama, wasu masana sun yi lissafin ƙarfinsa suka wallafa a 2008, suka nuna cewa mai kaurinsa, irin na gefen cinya da na tafin ƙafa, ƙarfin hannun ɗan Adam bai isa ya sauya masa siffa ba. In mai tausa ta ji wuri ya yi laushi a ƙarƙashin hannunta, ba ita ta murƙushe shi ba, jijiyoyin saƙo ne suka yarda suka saki.

Ba ina kushe maƙwabciyarki ba ne. Tausa mai ƙarfi tana da ranarta. Manomin da ya wuni yana huɗa, matar da ta yi surfe da wanki, tsohon da ke kiran jikansa ya zo ya taka masa baya bayan isha'i, duk waɗannan gajiya ce ke damunsu, kuma danna tana yi musu daɗi. Naki ba gajiya ba ce. Wuyanki ya ƙanƙame ne a lokacin da mota take juyawa da ku, don ya kare kanki, kuma har yau bai samu labarin cewa motar ta tsaya ba. Wanda yake cikin wannan hali, duk abin da ya zo masa da ƙarfi da sauri haɗari ne a wurinsa, ko da kuwa da niyyar taimako ya zo. Ki tuna gasarar koko in ta kwanta a roba: ki soka cokali da ƙarfi ki ji ta kamar dutse, ki ɗora yatsa ki bar shi ya nutse da kansa har ƙasa. Misali ne kawai, tsoka ba gasara ba ce, amma hannu yakan gane abin da baki ya kasa bayyanawa.

Sai maganar hannun da take ɗorawa ta yi shiru, wanda na san shi ya fi ba maigida haushi in kin ba shi labari. A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin akwai masu binciken jijiyoyi da suka daɗe suna soka siririyar allura a jijiyar mutum yana farke, suna sauraron saƙon da ke wucewa. Tun shekarun 1990 suka tabbatar da cewa a fatar jikinmu mai gashi, wato hannu da kafaɗa da baya da fuska, akwai wasu siraran jijiyoyi da ba ruwansu da gane ko abu kaifi ne ko dakushi. Aikinsu jin shafa mai taushi. A 2009 suka wallafa cewa waɗannan jijiyoyi sun fi amsawa in ana shafa fata da saurin santimita 1 zuwa 10 a sakan ɗaya, kuma a daidai wannan saurin ne mutanen da aka gwada suka ce shafar ta fi musu daɗi. In aka yi sauri fiye da haka sai amsarsu ta ragu. Bayan shekara biyar suka ƙara gano cewa sun fi son ɗumin da ya yi daidai da fatar mutum, wajen digiri 32, ba mai sanyi ba, ba mai ƙuna ba. Saƙonsu kuma yana zuwa ne sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da yadda mutum yake jin cikin jikinsa da yanayin zuciyarsa.

Santimita 3 a sakan, wanda yake cikin wannan saurin da suka auna, kusan faɗin yatsu biyu ne. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu sai ki ƙirga takwas. Ni da na fara karanta wannan dariya na yi, domin kakata ba ta san inda Suwidin take ba, amma da wannan saurin take shafa bayan jariri da man kaɗanya bayan wanka, ta fara murza man a tafinta sai ya yi ɗumi. Ke ma da shi kika lallashi 'ya'yanki huɗu. Ba ki taɓa jin uwa ta ce bari in yi wa yaron nan lallashin sauri in ci lokacina ba.

Ita kalmar somatik daga Girkanci take, soma a wurinsu jiki ne, ba soma tamu ta fara aiki ba. Wani malamin falsafa ɗan Amurka, Thomas Hanna, shi ya yaɗa sunan a shekarun 1970, ya tara a ƙarƙashinsa hanyoyi da dama da suka haɗu a kan abu ɗaya: mai ciwo ya koyi jin jikinsa daga ciki, maimakon ya kwanta kamar ƙwarya a yi ta gyaransa daga waje. Shi ya sa take yawan tambayarki me kike ji. Ba rashin sanin aiki ba ne, tambayar tana cikin aikin.

Batun juya wuya kaɗan, in kin yi da yawa ta ce ki rage, wannan koyarwar Moshe Feldenkrais ce, ko ta faɗa miki ko ba ta faɗa ba. An haife shi a 1904 a ƙasar da yau ake kira Yukiren, ya rasu a 1984. Masanin kimiyyar lissafi da injiniyanci ne, ɗan wasan judo kuma, ba likita ba. Gwiwarsa ce ta lalace tun yana saurayi a wajen ƙwallo, ta tasar masa a lokacin yaƙin duniya na biyu, likitoci suka ce aikin tiyata zai iya yi zai iya ƙi, shi kuwa ya ƙi yarda a yanka shi, ya zauna yana nazarin yadda yake motsa ƙafar har ya koma tafiya. Abin da ya dogara da shi wata ƙa'ida ce da wani Bajamushe, Ernst Weber, ya bayyana tun 1834: gwargwadon nauyin da kike ɗauke da shi, gwargwadon yadda ƙaramin bambanci zai ɓace miki. Ki ɗauki buhun masara a ka, a ɗora goro ɗaya a kai, ba za ki sani ba. Ki buɗe tafinki da allura a ciki, a ajiye maɓalli ɗaya kusa da ita, nan take za ki ji. Haka wuyanki yake. In kin murɗa shi da ƙarfi har iyakarsa, abin da za ki ji zafi ne kawai. In kin juya shi kaɗan, sannu, a inda babu zafi, a nan ne za ki fara lura cewa ashe kina ɗaga kafaɗa kafin ki juya, ashe kina cije haƙora, ashe kina riƙe numfashi. Abin da ba ki san kina yi ba, ba ki da yadda za ki daina shi. Shekara biyu kina ɗauke da buhun, ita tana ƙoƙarin sauke miki shi ne don ki ji maɓallin.

Mu koma kan kukan.

Ƙanwata, mutum ta mutu kafaɗarta tana jikin taki. Daga nan aka kai ki hoto, aka ce ƙashi lafiya, kowa ya ce Allah Ya kiyaye gaba, kika koma gida ga yara ga girki ga ɗinkin mutane. Yaushe kika yi kukan? An yi wa danginta ta'aziyya, ke ba wanda ya yi miki, tunda ba ki da alaƙa da ita sai ta kujera. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma jiki ne ke gudun tun kafin hankali ya duba ya ga tsumma ne. A zuwa na uku, karon farko cikin shekara biyu, wuyanki ya ɗan sassauta gadin da yake yi, sai abin da ke bayan ƙofar ya leƙo. Rawar jiki bayan firgita ba baƙon abu ba ne, kin sha ganin wanda ya tsallake rijiya da baya ya zauna gwiwoyinsa suna kaɗawa. Naki jinkiri ya yi kawai. Babu abin kunya a ciki, kuma na tabbata ba ke ce ta farko da ta jiƙa mata shimfiɗa da hawaye ba.

Abin da ta yi a lokacin shi ne ya sa na yarda da ita ban gan ta ba. Da wata ce, sai ta ce yauwa, ga shi ya fito, ta ƙara dannawa don a ga aiki. Ita ta janye hannu, ta sa kika buɗe ido kika ga labule da fanka da ƙofa, wato ta dawo da ke ɗakin daga bakin titi, ta kuma bar wuyan ya huta. Wani Ba'amurke mai suna Peter Levine, wanda ya kafa ɗaya daga hanyoyin nan don waɗanda suka gamu da tashin hankali, ya aro wa wannan salo suna daga ɗakin gwajin sinadarai, inda ake haɗa abu mai tsami da kishiyarsa ɗigo bayan ɗigo. Ke ba sai kin je ɗakin gwaji ba. In za ki kashe tsamin yakuwa da ruwan kanwa, kika tuttula shi gaba ɗaya, kumfa ce za ta taso ta kashe miki wuta. Kaɗan kike zubawa, ki jira ta kwanta, ki ɗanɗana, ki ƙara. Tukunya ɗaya ce, kanwa ɗaya ce, bambancin a hannun mai zubawa yake.

Amma in faɗa miki gaskiya, hujjar bincike a kan ita hanyar Levine ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Gwajin farko na ƙa'ida da aka yi mata sai a 2017 aka wallafa shi, kuma mutum 63 ne kacal a ciki. Sun samu sauƙi, amma mutum 63 ba su isa a rufe magana ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansa tun 2013 ga wanda firgici ya zauna masa shi ne magani ta hanyar zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam. Don haka in kina mafarkin haɗarin, ko gabanki yana faɗuwa in za ki shiga mota, ko ƙarar birki tana sa ki zabura, ko kina ganin fuskar matar nan in kin rufe ido, ki haɗa da ganin irin waɗannan. A Kaduna kuna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Na san sunan kawai yana sa mutane su ja da baya, amma masu rashin barci da masu fargaba sun cika layin, sanye da kayansu tsaf kamar ni da ke. Mai gashin ƙashi ilimin gaɓoɓin jiki ta karanta, kada a ɗora mata kayan da ba nata ba.

Surukarki kuwa kada ki yi musu da ita. Tsoro ne ya sa ta faɗi haka, kuma ta ga abin da ya fi ƙarfin saninta. Ki ce Mama a taya ni da addu'a, ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma, ki tofa Falaƙi da Nasi ki shafa a wuyan da hannunki. Addu'a ba ta hana magani, magani bai hana addu'a ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kai ki inda za a danne ki, ko a shaƙe ki da hayaƙi, ko a yi miki tsawa a kunne da sunan fitar da iska. Jikin da ke fama da firgita ba a ƙara masa wata. In kina neman abin da za ki faɗa mata da zai shiga, ga hadisin da ke cikin Sahihu Muslim: Nana A'isha ta hau wani raƙumi mai gardama, ta riƙa fizgarsa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mata ta bi shi da sauƙi, domin sauƙi ba ya shiga wani abu face ya ƙawata shi, ba a kuma cire shi daga wani abu face ya munana shi. A kan dabba mai taurin kai aka faɗi wannan, balle wuyan da ya ƙi juyawa don yana tsoro.

Shi maigida damuwarsa daban ce, kuma yana da gaskiyarsa. N12,000 sau huɗu ba kuɗin wasa ba ne a wannan zamani, kuma akwai masu fakewa da sanyin hannu su ci kuɗin mutane. Ga abin da za ki ba shi. A Ingila an yi wani gwaji da mutum 579 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a 2008. Wasu aka bar su da kulawar da aka saba, wasu aka yi musu tausa sau 6, wasu aka koya musu hanyar Alexander, wadda 'yar'uwar wannan ce da ake miki: taɓawa mai sauƙi, motsi a hankali, da koyon daina ƙanƙame wuya. Bayan shekara guda aka tambaye su kwana nawa suka yi da ciwo a makonni huɗun da suka wuce. Waɗanda aka bari da kulawar da aka saba, kwana 21. 'Yan tausa, 14. Waɗanda suka yi darasi 24, kwana 3. Abin da zai fi yi wa aljihunsa daɗi kuwa, waɗanda suka yi darasi 6 kacal suka haɗa da motsa jiki irin tafiyar ƙafa, sun kusa kamo masu 24. Wannan a kan baya ne. An sake yin wani a jami'ar York da mutum 517 masu ciwon wuya, aka wallafa a 2015, nan ma masu darasin sun fi samun sauƙi, sai dai tazarar ba ta kai ta farkon ba. Ba sihiri ba ne ke nan, amma ba damfara ba ce.

Ma'aunin da na yi miki alkawari a kan sallayarki yake. Yau in kin idar da salla, ki yi sallama dama iya inda wuya ya tsaya ba tare da kin tilasta shi ba, ki lura da abin da idonki ya sauka a kai, ƙofar ɗaki ce ko gefen gado ko kalanda. Ki yi hagu ki lura. Ki rubuta a bayan littafin awon ɗinkinki, tare da awa nawa kika yi barci, da minti nawa kike iya yi a kan keke kafin wuya ya fara kuka. Ki ƙara zuwa huɗu, ki riƙa dubawa duk Juma'a. In ido ya fara wuce ƙofar yana kaiwa taga, in barci ya ci gaba da gyaruwa, to aiki yana ci ko da zafin bai tafi duka ba, sai ki nuna wa maigida littafin. In bayan zuwa takwas komai yana inda yake, ki gode mata ki koma wa likita a sake dubawa. Barcin da kika ce ya ɗan gyaru, kika faɗe shi a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, a wurina shi ne alamar farko.

Ki kuma yi mata magana a fili, haƙƙinki ne. Ki tambaye ta zuwa nawa take hasashe, me za ki riƙa yi a gida, kuma ko za a iya mayar da zuwan duk sati biyu saboda kuɗi. Mai gaskiya ba ta jin haushin irin wannan tambaya, kuma ma'aikatan gashin ƙashi a Najeriya suna da hukumar da ke yi musu rajista, babu laifi ki nemi ganin shaidarta. Sanyin hannu na gaske da na lalaci ba sa ɓoyuwa: mai na gaske hankalinta yana kanki, tana lura da numfashinki, tana neman izini kafin ta taɓa wani sabon wuri. Wadda hannu ɗaya ke kafaɗarki ɗaya yana latsa waya, ko ta ce aikinta yana maganin suga da rashin haihuwa, ko ta ce ki zubar da maganin likita, ko ta nemi kuɗin zuwa ashirin a dunƙule, ki ɗauki mayafinki. Kuma ko wace ce, kada ki yarda a murɗe miki wuya a ji ƙas. Akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, ba kasafai ake samun matsala ba, amma in aka samu shanyewar jiki ce.

Awa ɗaya a sati ba za ta rinjayi awa shida a kan keke kullum ba, wannan kuma naki ne. Ki duba kujerarki, in kina sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa, a ƙara hasken wurin, a gyara tsayin kujerar. Duk rabin awa ki tashi ko da ruwa za ki sha. Ki riƙa tafiyar ƙafa da yamma, ko zuwa gidan ƙanwar mijin nan taki ne. Da dare ki kwanta rigingine a tabarma, ki tanƙwara gwiwoyi, ki ja numfashi ta hanci ki sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, domin bugun zuciya yana lafawa ne a lokacin fitar numfashi. Sai ki mirgina kai dama kaɗan, ki dawo tsakiya, ki huta, kamar sau goma, sannan hagu. Rabin abin da za ki iya, ba dukansa ba. In kuka ya zo ki bar shi ya zo, in ya yi yawa ki buɗe ido ki tashi zaune ki taɓa ƙasa da tafin ƙafa, kamar yadda ta koya miki. Matar nan kuma, in kin san inda danginta suke ki je ki gaishe su, in ba ki sani ba ki yi mata sadaka ko ta ƙosai ce, ki ambace ta a sujada. Kin daɗe kina ɗauke da ita ke kaɗai.

In kina da 'ya da ta yi wayo, ki ba ta man kaɗanya ta murza a tafinta har ya narke, ta shafa miki daga bayan kunne zuwa kan kafaɗa. Za ta so ta danna, yara suna ganin ƙarfi shi ne gwaninta. Ki ce mata a'a, yadda take shafa bayan autanku in yana gyangyaɗi. Bayan sati shida ki sake rubuto min, ki faɗa min inda idonki ya kai a sallamar hagu.